Ni ma an taɓa zare mini waya a kan dandamali saboda kalmar "jam band"

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya sa hannu na fara rubutu, don kamar ka leƙo rayuwata ne. Ka ce kana kaɗa jita tare da wasu yara uku a garin da kake karatu a Amurka, suna kiran kansu 'yan indi, kuma duk sanda ka ja kiɗa ya wuce inda aka saba tsayawa, sai mawaƙinku ya ce "mu ba jam band ba ne", da wata irin murya kamar ta zagi. Kana son sanin mece ce jam band ɗin, ko tsawon waƙa ne ke sa a kira mutane haka, kuma ko ka haƙura ka bar musu ƙungiyarsu.

Zaginka ya yi, wannan kam ka sa a ranka. A bakin ɗan indi kalmar nan ba yabo ba ce. Amma tsawo ba shi ne ma'auni ba. Ƙungiya za ta iya tsara waƙa ta minti goma sha biyar, ta haddace ta, ta riƙa kaɗa ta iri ɗaya kowane dare. Wannan hadda ce mai tsawo kawai. Jam na farawa ne daga inda haddar ta ƙare, lokacin da makaɗan suka bar abin da suka tsara, kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya san inda za a sauka, har su kansu. Wani daren a sauka lafiya, wani daren a yi ta lalube kamar makafi a kasuwa, kuma 'yan kallonsu sun yarda da wannan cinikin tun kafin su sayi tikiti.

Grateful Dead ne kakannin abin. Sun fara a 1965 a yankin San Francisco, suka yi wasa sama da sau 2,300 kafin Jerry Garcia ya rasu a watan Agustan 1995, kuma jerin waƙoƙinsu na yau ba ya zama irin na jiya. Shi ya sa mutane ke bin su gari gari, don wanda ya ga daren Laraba bai ga na Alhamis ba. Sun bar 'yan kallo su naɗi wasa a kaset, daga 1984 ma har wuri suka ware wa masu naɗa a filin, da sharaɗin a yi musanya, kada a sayar. Idan ka duba jerin waƙoƙin wasansu da masoya ke rubutawa za ka ga alamar > tsakanin waƙa da waƙa. Ma'anarta ba a tsaya ba, daga wannan aka zarce cikin waccan. A zamaninsu ma ba a cika kiransu jam band ba, sai a shekarun 1990 kalmar ta yaɗu, lokacin da Phish, 'yan Vermont da suka fara a 1983, da irinsu Widespread Panic suka gaji hanyar. Phish ɗin nan a 2017 sun kwana goma sha uku suna wasa a babban zauren Madison Square Garden na New York, waƙa 237, ba su maimaita ko ɗaya ba. Ranar da na fara jin wannan sai da na ajiye cokali.

Indi kuma wani abu yake aunawa daban. Asalin kalmar daga Turancin cin gashin kai ne, wato waɗanda ke fitar da faifansu a ƙananan kamfanoni irin Rough Trade a Landan, ko Sub Pop a Seattle, ko Matador a New York. Daga baya ne ta koma sunan wani salo da wani ɗaga kai. Kuma su 'ya'yan kiɗan punk ne, na su Ramones, waɗanda faifansu na farko a 1976 waƙa goma sha huɗu ne cikin minti ashirin da tara. An yi wannan kiɗan ne da gayya, don a ci mutuncin masu tsayawa suna murza jita minti ashirin. Ƙiyayyar da kake ji a muryar mawaƙinku gado ce, shi kansa wataƙila bai san daga inda ya ɗauko ta ba.

Tsofaffin 'yan zauren nan sun san na yi shekaru a can, ba sai na maimaita yadda aka yi na je ba. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne yadda na daina kaɗa jitar bas.

Mu ma mu huɗu ne. Mawaƙin shi ke rubuta waƙoƙin, shi ke da mota, a ƙasan gidan da yake haya muke atisaye, don haka ƙungiyar tasa ce ko da bai faɗa ba. Ni da mai ganga jininmu ya haɗu tun ranar farko. Idan aka gama atisaye sauran suka hau sama, mu biyu sai mu zauna mu kama kiɗa ɗaya mu yi ta juya shi har awa guda. Ni abin bai zame mini baƙo ba. Na tashi ina jin kaset-kaset ɗin Shata a shagon kawuna, kuma duk wanda ya saurare su ya san waƙa ɗaya sai ka same ta a kaset uku, kowace da tsawonta da baitocinta, gwargwadon wanda ke zaune a wurin ranar. Bambancin kawai, wajen Shata kalangu da 'yan amshi ke riƙe ƙasa, baki ke yawo, su kuma 'yan jam kayan kiɗan ne ke yawon. Ban taɓa ɗaukar waƙa a matsayin abin da aka kulle da kwaɗo ba.

To sai muka samu damar da muka daɗe muna nema. Wata ƙungiya da ke zagayen garuruwa za ta yi wasa a wata ƙaramar mashaya, aka ce mu za mu buɗe musu, minti talatin. (Lemo nake sha, kafin wani ya fara.) Ranar ce karon farko da na ga ɗaki ya cika don kiɗan da nake ciki. Waƙa ta huɗu tana da wani wuri a ƙarshe inda ake maimaita kiɗa sau huɗu a tsaya. Da muka zo na huɗun na kalli mai ganga, ya kalle ni, ba mu tsaya ba. Wallahi ƙanena ban taɓa jin abin da na ji a mintunan nan ba. Na ga kawuna suna kaɗawa, wata dattijuwa a gefe ta rufe ido. Mai ɗaya jitar ma da farko ya ruɗe, daga baya ya biyo mu. Waƙar minti uku ta doshi minti goma.

Ban ga tahowarsa ba. Ji na yi kawai sautina ya ɗauke, yatsuna na motsi babu abin da ke fita. Da na waiga sai ga wayar jitata a hannunsa, ya zare ta daga lasifika. Ya koma gaban makirfo ya ce wa mutane su yi haƙuri, mai bas ɗinmu ya ɗauka a wajen Phish yake. Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, amma ni kaɗai ne baƙar fata a kan dandamalin nan, ina tsaye da jita a wuya kamar wanda aka kama da kayan sata. Sai da na durƙusa a gabansu na lalubi bakin wayar na mayar, hannuna na rawa, na kasa samun ramin sau biyu. Sauran waƙoƙi biyun ban san yadda na kaɗa su ba.

Da aka tashi bai ce mini komai ba. Wannan ya fi zare wayar ciwo. Ya loda kayan kowa a mota, ya ce wai wuri ya cika, ni in san yadda zan yi da tawa lasifikar. A cikin dusar ƙanƙara na ja ta har tashar bas, takalmina na shan ruwa. Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayata, mai ladabi ƙwarai irin nasu, cewa sun ga tafiyarmu ba ɗaya ba ce. Mutumin da na yi shekara biyu ina cin abinci a gidansa, na koya masa dafa shinkafa da wake, ko kira bai iya yi ba. Mai gangar da nake cewa aminina ne shi ma shiru, har yau. Bayan wata shida suka fitar da ɗan faifansu, na saurara, sai ga kiɗan bas ɗina a waƙoƙi uku, yadda na ƙirƙire shi, wani ne ya kaɗa, sunana ko a wajen godiya babu. Ga shi ba abin da za ka kira gida ka faɗa ba ne. Me zan ce wa Hajiya? An kore ni daga kiɗa? Ita da ta san karatu na je yi.

Na yi shekaru ina cewa shi kaɗai ne mai laifi. Yanzu da na girma na san na ci lokacin da ba nawa ba. Mai buɗe wasa idan ya wuce mintunansa, daga na baƙin da suka yi tafiyar awowi ake yankewa, kuma mai wurin ba zai sake kiranku ba. Waƙar ma tasa ce, shi ya rubuta ta a kan rasuwar mahaifinsa, ni kuma na mai da ita filin wasana ban tambaye shi ba. Duk da haka da ya ɗaga mini hannu da na tsaya. Ba sai ya wulaƙanta ni ba. Ban yafe wannan ba tukuna, Allah ya sani.

Don haka abu na farko, kada ka taɓa gwada jam a gaban mutane ba da sanin sauran ba. Su Phish ɗin da kake gani kamar abin na zuwa musu ne haka kawai, sun yi shekaru suna atisayen sauraren juna a ɗaki. Ka nemi waƙa ɗaya tak, ka ce a bar maka ƙarshenta a buɗe, ku yanke alamar da za a yi idan lokacin sauka ya yi, ko ɗaga kan jita ko wani bugun ganga. Kuma ka naɗi atisayenku a waya ka saurara washegari da safe. Zai ba ka kunya. Ni da na saurari namu na gano rabin abin da nake ji kamar sama ta buɗe, ni kaɗai nake surutu da yatsu, ba na jin kowa. Idan kai kaɗai ke yawo sauran suna jiranka ka gama, ba jam kuke yi ba, kai ne kake dogon solo, kuma a nan mawaƙinku yana da gaskiya.

Kada kuma ka yarda ya ce maka indi da jam ba sa haɗuwa. Yo La Tengo, waɗanda babu ɗan indin da zai ce ba nasu ba ne, suna da waƙoƙin da ke wuce minti goma, kuma a kan dandamali ba iri ɗaya suke kaɗa su ba. My Morning Jacket sun yi kusan awa huɗu a bikin Bonnaroo a 2008. A 2016 tagwayen nan na ƙungiyar The National, Aaron da Bryce Dessner, suka tara manyan 'yan indi aka sake kaɗa waƙoƙin Grateful Dead har 59. King Gizzard na Ostireliya yanzu 'yan jam sun rungume su, suna bin su gari gari. Kuma ka tambaye shi a wane kamfani Mdou Moctar, mai jitar nan ɗan Nijar, ya fitar da faifansa na 2021. Matador ne, gidan manyan 'yan indi irin su Pavement. Mutumin da ya goge a bukukuwan aure na Agadas, inda ba a ce wa mai jita minti uku ka sauka. Wani a zauren nan ya taɓa cewa Mdou jam band ne, ni ban yarda ba gaba ɗaya, don shi kiɗan ƙasa na tsaye ne daram, jitarsa ce ke tashi a kai, ya fi kusa da tsarin Shata da na faɗa. Amma wannan musun wata rana ne.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Idan ka fara zuwa wasannin 'yan jam don ka gane wa idonka, ka kula da kanka. Mutanen kirki ne, za su raba abincinsu da kai, amma shaye-shaye a wurin ba ɓoyayye ba ne tun zamanin Dead. Kada ka karɓi abin ci ko sha daga hannun wanda ba ka sani ba, ko alewa ce. Kuma duk kiɗan da ka ƙirƙira a ƙungiyar nan, ka tura wa kanka a imel da kwanan wata, ku kuma yi magana tun yanzu a kan sunan wa za a rubuta idan an fitar. Na san za ka ji nauyi, mu haka aka rene mu, ni ma nauyin ne ya cuce ni.

Batun ka bar su ko ka zauna, ba zan yanke maka ba. Ka gwada maganar waƙa ɗayan nan tukuna. Idan ya ce a gwada, zauna. Idan ya yi dariya ya sake maimaita maka kalmar nan a gaban sauran, ka fara neman mai ganga tun kafin a turo maka saƙo. Garuruwan jami'a ba sa rasa wurin da ake buɗe dandamali dare ɗaya a mako kowa ya hau, a can za ka same su.

Jitata tana nan a bayan kwaba a Kaduna, igiya biyu sun tsinke, yarana na ɗauka wani tsohon kayan ado ne. Turo mini abin da kuka naɗa ta akwatina in ji, ko minti biyar ne, amma wanda mai gangarku ke ciki.