Gig 6 a wasan minti 20: yaya zan matse bidiyon gem ba tare da ya lalace ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan gem a Zariya, PS4 biyu da PS5 ɗaya, kuma duk ƙarshen mako muna yin gasar ƙwallo ta FC. Na sayi na'urar nan da ke ɗauko hoton gem ta wayar HDMI ta kai laftof, ina naɗa da OBS. To amma wasan minti 20 sai ya fito kusan gig 6. Na saka shi a WinRAR, ko gezau bai yi ba. Na gwada wata manhajar waya ta mayar da shi meg 90, sai ciyawar fili ta koma kamar kunu, ƙwallon ma da ƙyar ake ganinta. So nake in ɗora a YouTube, in kuma tura wa yara a WhatsApp. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a.

Bari mu sallami WinRAR tukuna, don ba laifinsa ba ne. Shi aikinsa neman maimaici a cikin fayil ya taƙaita, shi ya sa yake rage takardun rubutu sosai. Bidiyon da OBS ya ba ka kuwa an riga an tatse shi. Hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. In kowane ɗigo ya ci bayit 3, hoto ɗaya ya haura meg 6. Gem ɗinka yana fitar da irin wannan hoto 60 a kowace daƙiƙa, kimanin meg 370 ke nan. Minti 20 a haka ya doshi gig 450. Ka ga ashe gig 6 ɗin da ya tsorata ka ma matsattse ne, an rage shi sau 70 da wani abu tun kafin ya sauka a laftof ɗinka. Babu sauran ruwan da WinRAR zai matso.

Lissafi ɗaya nake so ka riƙe, don shi ne gindin maganar. Nauyin bidiyo shi ne bitiret sau tsawon lokaci. Bitiret yana nufin yawan bayanin da aka ware wa kowace daƙiƙa, ana auna shi da megabit. Ka ninka shi da yawan daƙiƙoƙi, ka raba da 8, ka samu nauyin a meg. Minti 20 daƙiƙa 1200 ne. Gig 6 ɗinka na nuna kana naɗa a wajen megabit 40 a daƙiƙa. Meg 90 ɗin da manhajar waya ta ba ka kuwa megabit 0.6 ne kacal. Daga 40 ka faɗo ƙasa da 1, kuma kana son ciyawa ta tsaya da kyanta. Ai ba ta yiwuwa. Ba a zuba buhun gero a kwanon awo.

Me ya sa ciyawar ce ta fara mutuwa? Manhajar matse bidiyo ba ta adana kowane hoto cikakke. Tana yi ne kamar mai shagon da ke ƙirga kayansa gaba ɗaya sau ɗaya, daga nan sai ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kawai. Takan ajiye cikakken hoto guda, sannan na bayansa ta rubuta bambancin da aka samu: wannan ɗan wasa ya matsa dama, ƙwallo ta tashi sama, sauran kuma yadda suke. In mutum ne zaune yana magana a gaban bango, bambancin kaɗan ne, bidiyon sai ya yi sauƙi. Amma a wasan ƙwallo kyamara ba ta tsayawa, tana bin ƙwallo hagu da dama, ga ciyawa mai ƙananan zare dubbai, ga 'yan kallo suna motsi, ga allunan talla suna canzawa. Kusan komai sabo ne a kowane hoto. Da bitiret ya gaza, manhajar sai ta fara zubar da abin da take ganin ido ba zai damu da shi ba, kuma ƙananan zane irin na ciyawa su ne na farko. Sai ta shafe su ta bar kore ɗaya a dunƙule, mai gida-gida kamar tabarma. Lura da kyau lokacin da aka ci kofi takardun ado suna zubowa daga sama: nan ne bidiyo ya fi wargajewa, ko a YouTube ma.

Saboda haka tambayar ba ita ce "yaya zan rage shi" ba. Tambayar ita ce ina za shi. Kai wuri biyu ka ambata, kuma fayil biyu za ka yi, kowanne daga asalin naɗin. Kada ka matse wanda aka riga aka matse. Ka tuna kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, shi ma daga wani kwafin, yadda muryar ke dusashewa? Haka bidiyo yake, duk matsa ɗaya da abin da take cinyewa, kuma ba ya dawowa.

Kafin matsa, yanka. Wannan shi ne ragin da ba ya cin komai daga kyan hoto, kuma shi mutane suka fi mantawa da shi. A minti 20 ɗin nan, nawa ne zaɓen ƙungiya, gyaran tsarin 'yan wasa, da tsayawar da aka yi ana gardamar wane ne ya taɓa hannun wane? Akwai wata manhaja kyauta, LosslessCut, da ke yanke bidiyo ba tare da ta sake matse shi ba, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Aibinta ɗaya: tana yanka ne a kan cikakkun hotunan nan da na faɗa, don haka yankan kan iya gocewa da 'yan daƙiƙoƙi. Ga wasan ƙwallo wannan ba abin damuwa ba ne.

Yanzu matsar kanta. Ka sauke HandBrake, kyauta ce, kuma ka ɗauko ta daga shafinta na asali, ba daga shafukan da ke cusa wa mutum tarkace ba. Da ka buɗe bidiyonka a ciki za ka tarar ta zaɓa maka saitin da ake kira Fast 1080p30. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba: 30 ɗin nan na nufin za ta zubar da rabin hotunanka, wasan da ke tafiya sumul a hoto 60 ya koma yana ɗan tsalle-tsalle. Shiga shafin Video, wajen Framerate ka zaɓi Same as source, ka kuma danna Constant Framerate, don shi ne ke rage matsalar nan ta murya ta riga hoto, a ji mai sharhi ya yi ihun an ci alhali ƙwallo ba ta bar ƙafa ba. Wajen Video Encoder, inda ake zaɓen tsarin matse bidiyon, ka bar H.264 na x264.

A ƙasa za ka ga wani ma'auni mai suna RF. Maimakon ka ce wa manhajar "ga nauyin da nake so", da shi kake ce mata "ga kyan da nake so", ita kuma ta kashe bitiret mai yawa inda ake gudu, ta yi tsimi inda aka tsaya. Lambar tana tafiya a juye: ƙarama kyau da nauyi, babba sauƙi da muni. A ƙiyasi, duk ƙarin 6 yana rage nauyin fayil da kusan rabi. Ga 1080p masu HandBrake sun ba da shawarar 20 zuwa 24. Ni ga ƙwallo nakan tsaya a 21 ko 22, saboda ciyawar nan. Sai ma'aunin Encoder Preset: ka ja shi zuwa Slow in laftof ɗinka zai iya. Zai daɗe, fanka za ta yi ta kuka, amma yana ba manhajar lokacin neman dabarar adana hoto da ƙaramin wuri. Kada ka wuce Slow. Abin da za ka ƙaru da shi bai kai wutar da za ka ƙona ba. Kuma a lokacin zafi ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa ko kujera, iska ta shiga ta ƙasa, in ba haka ba, zai rage gudu da kansa.

Kada ka saka wasan gaba ɗaya ka tafi. A sama akwai wajen Range, ka mayar da shi Seconds, ka zaɓi daƙiƙa 30 daga inda wasa ya fi zafi, kamar kwana ko kai hari da gudu. Matse wannan kaɗai, ka kalla a cikakken allo, ka duba nauyinsa, ka ninka da 40 ka san kimanin abin da minti 20 zai ba ka. In ciyawa ta tsaya, gwada ƙara RF da 1. In ta fara narkewa, koma baya. Gwaji uku na minti biyu-biyu ya fi ka jira awa guda ka tarar da kunu.

Ga YouTube, su da kansu sun ba da shawarar megabit 12 ga 1080p mai hoto 60, da 7.5 ga 720p mai hoto 60. Da lissafinmu, minti 20 zai kama gig 1.8 a na farko, gig 1.1 a na biyu. Na san da tsadar data wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka sani YouTube za ta sake matse duk abin da ka ba ta, don haka in ka kai mata ramamme, ƙashi za ta fitar. In data ta yi ƙaranci, ra'ayina shi ne ka sauko 720p ka bar hoto 60. 720p mai ƙoshi ya fi 1080p mai yunwa kyau, balle yawancin masu kallonka a waya za su kalla. Ana saukowar ne a shafin Dimensions. Kada ka yi wahalar rage murya: AAC, tsarin matse murya, a kilobit 160 na minti 20 meg 24 ne kawai. Ka kuma sa alama a Web Optimized, zaɓin da ke shirya fayil don kallo a intanet.

WhatsApp kuma wata duniya ce. In ka tura a matsayin bidiyo, za ta sake matse shi yadda ta ga dama. In ka tura a matsayin Document, zai isa yadda yake, kuma tana karɓar har gig 2. Sai dai ka ji tausayin yaran, wa zai sauke gig guda da datar ɗari biyar? Ka haɗa musu ƙwallayen da aka ci da manyan ɓarin da aka yi, minti 2, a 720p, RF 23 ko 24. A megabit 3 wannan meg 45 ne. Wanda ke son cikakken wasa ya je YouTube.

Za ka ji ana cewa sababbin tsare-tsaren matsa, H.265 ko AV1, sun fi H.264. Gaskiya ne suna ba da kyau iri ɗaya a ƙaramin fayil. H.264 tun 2003 yake, H.265 ya zo a 2013, AV1 a 2018. Amma sababbin sun fi cin lokaci wajen matsa, kuma tsofaffin wayoyi kan yi ta sarƙewa da su ko su ƙi buɗewa sam. Don ajiyar kanka, H.265 ba laifi. Abin da za ka raba wa jama'a, bar shi a H.264. Haka nan za ka ga zaɓin NVENC ko QSV, masu amfani da katin hoto na Nvidia ko na Intel. Suna da sauri ƙwarai, sai dai fayil ɗinsu ya fi na x264 nauyi a kyau iri ɗaya. Wurinsu shi ne lokacin naɗi a OBS, inda ake bukatar sauri.

Tunda mun zo OBS: megabit 40 ɗin da kake naɗa da shi ba kuskure ba ne, kada ka rage shi don neman sauƙi. A naɗa da yalwa, a matse daga baya. Abin da zan roƙe ka ka duba shi ne nau'in fayil. Ka naɗa a MKV, ba MP4 ba. Ni na koyi wannan da tsada: ina naɗa wani wasan ƙarshe a kwamfutar tebur, saura minti uku aka ɗauke wuta. Fayil ɗin na nan da nauyinsa, gig da gig, amma babu manhajar da ta yarda ta buɗe shi, domin MP4 na yau da kullum sai a ƙarshen naɗi yake rubuta jadawalin abin da ke cikinsa. MKV kuwa ko an yanke shi a tsakiya, abin da aka naɗa yana nan. HandBrake tana karɓar MKV kai tsaye, in kuma kana bukatar MP4, OBS yana da Remux Recordings da ke sauya mazubin ba tare da taɓa hoton ba.

Abu biyu kuma game da PS5 ɗin. In ka ga launin naɗin ya koɗe kamar rigar da ta sha rana, duba HDR, saitin ƙarin haske da launi, a saitin allo ka kashe shi. Yawancin ƙananan na'urorin ɗauko hoto ba su iya shi ba, kuma babu matsar da za ta gyara wannan daga baya. Sannan ka tabbatar na'urar taka da gaske hoto 60 take bayarwa a 1080p. Da yawa daga masu arahar nan an rubuta 1080p60 a kwalinsu, alhali abin da suke karɓa ke nan, abin da suke miƙa wa laftof 1080p ne a hoto 30, sai in ka sauko 720p su ba ka 60. Araha ba ta ado. In taka irin wannan ce, saita ta a 720p mai hoto 60 tun daga OBS, ka ga maganar sauko da girma a HandBrake ma ta ƙare.

In ka zo kwashe asalin naɗin zuwa filashi ya ce maka fayil ya yi girma alhali akwai wuri, filashin na kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gig 4. Kwashe kayan da ke ciki, ka sake tsara shi a exFAT. Kuma kada ka goge asalin sai YouTube ta gama sarrafa bidiyon ka kalle shi a babban inganci da idonka, don a mintunan farko bayan ɗorawa dusu-dusu take nuna shi.