Ku Tambayi Masana: Gafakar Gado da Shekarar da ke Ƙarshen Waƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, da aka raba gadon baffanmu, gafaka uku na kakanmu suka faɗo a rabona. Takardu ne falle-falle ba ɗinki, gara ta ci gefen wasu, wasu kuma sun manne da juna. Niyyata in jera su, in liƙe waɗanda suka yage da salatif, in kai a yi musu laminatin. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Nafada, Jihar Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Salatif da laminatin ɗin nan, ka bar su a shagon mai su. Rashin ɗinkin kuwa ba lalacewa ba ne. Haka malamanmu suka saba ajiye littafi tun asali: fallaye a saka tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka, don almajiri ya ari falle biyar ya je ya yi bita ba tare da ya ɗauke littafin duka ba.

Kafin ka matsar da ko falle ɗaya, samu fensir mai taushi ka sa lamba ƙarama a kusurwar sama ta kowane falle, yadda ka tarar da su, ko da a hargitse suke. Gafaka ta farko A1, A2, haka har ƙarshe, ta biyu B1. Ban da biro. Dalilin sa lambar shi ne hargitsin kansa shaida ne: wasiƙar da aka cusa a tsakiyar Risala, ko 'yar takardar bashi da ke cikin Ishiriniya, wurin da take yana nuna wanda ya riƙe littafin da abin da yake karantawa. In ka cire ta ba lamba, wannan labarin ya tafi ke nan.

Sai jerawa. Duba ƙasan bayan kowane falle ta hagu, za ka ga kalma guda a keɓe, sau da yawa a karkace. Raƙƙas ake ce mata, kuma ita ce kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Amma a yi hattara, domin kalmomi irin su "ƙala" da "fi" suna iya buɗe falle ashirin a littafi guda. Saboda haka a haɗa da girman takarda, yawan layuka, hannun marubuci, da kuma ma'ana. In Ahalari ne ko Ashmawi, ajiye bugun kasuwa a gefe kana gwadawa. Ɓarnar ma tana taimako. Ramin da ƙwaro ya huda yakan ratsa fallaye goma a wuri guda, yana ƙanƙancewa sannu a hankali, shatar ruwa ma haka. Fallayen da raminsu ya hau kan juna maƙwabta ne lokacin da ƙwaron ya ci.

Waɗanda suka manne, kada ruwa ko tururi ya kusance su. Tawadar gawayi da ƙaro ita ce dai ta allo, da ta ji laima za ta wanke, kuma ƙaron nan ne ya manna su tun farko. Wadda aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe ba ta wankuwa haka, sai dai tana cin takarda, har ka ɗaga falle ka ga harafi ya zama huda. Duka biyun aikin ƙwararren mai gyaran takardu ne. Salatif kuwa, bayan 'yan shekaru ledarsa takan faɗi ta bar danƙo ruwan ƙasa da ya shige jikin takardar, wanda aka yi gaggawar ɓare shi kuma sai ya taho da rubutu. Laminatin ya fi muni: zafi ne da roba, kuma ba a warware shi.

Ajiya ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, a inuwa, ba a rana ba. A naɗe kowane ƙunshi da farin ƙyallen auduga da aka wanke sitacinsa ya fita, don sitaci abincin ƙwari ne. A sa a akwatin ƙarfe marar tsatsa, a ɗora kan bulo kamar taƙi guda daga ƙasa, nesa da bango. Leda tana riƙe gumi da damina, sai fumfuna ta tashi. Fiya-fiya da kananzir kada su taɓa takarda. A buɗe a duba sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, kuma cikin tsananin hunturu a rage juya su, lokacin ne suke karyewa kamar busasshen ganye.

TAMBAYA: Malam, ɗalibar digiri na biyu ce ni, ina aiki kan wata waƙar wa'azi da ajami. A baitin ƙarshe akwai ramzi, wato haruffan da jimillar adadinsu ke nuna shekara: shin, ra, lam, ba. Na lissafa na samu 532, malamin da ke duba aikina ya ce ba zai yiwu ba. Ina kuskuren? In na gano shekarar, zan iya cewa shekarun takardar ke nan? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

AMSA: Malaminki ya yi gaskiya. Kin yi lissafi da abajadin Gabas (abajadi shi ne tsarin da ke ba kowane harafi adadi), inda shin take 300. Malaman ƙasar nan na Magrib (Arewacin Afirka) suke bi, kuma haruffa shida ne suka saɓa: sad 60, dad (lodi) 90, sin 300, za mai hannu 800, gain 900, shin 1000. To shin 1000, ra 200, lam 30, ba 2, ya zama 1232 ta Hijira. Don mayarwa Miladiyya, raba shekarar da 33 (ya ba da 37), ɗebe wannan daga 1232, ki ƙara 622. Kin samu 1817, shekarar rasuwar Shehu Usmanu, lokacin Yakubu yana sarautar Bauchi. Lissafin kan iya kauce wa da shekara guda, don haka a tabbatar da jadawalin kalanda.

Tambayarki ta biyu ita ce inda kundaye da yawa ke zamewa. Ramzin da ke cikin baiti na mawallafi ne, duk wanda ya kwafi waƙar zai kwafe shi tare da ita, ko da bayan shekara ɗari ne. Shekarar kwafi ana neman ta a ƙasa, bayan "tammat" (wato "ta ƙare"), inda mai kwafin ke faɗin sunansa da na mai littafin. Nan ma sau da yawa rana da wata kawai za ki tarar, "ranar Alhamis bayan la'asar", ba shekara.

Sai a koma ga takardar kanta. Sa allon waya ya yi fari, ki ɗora fallen a kai a ɗaki mai duhu. Takardar da aka yi da hannu za ta nuna siraran layuka a matse, da wasu masu tazara da suka gicciye su; auna tazarar da milimita ki rubuta. Za ki iya ganin jinjirin wata uku a jere, tambarin takardun arewacin Italiya da fatake suka riƙa ƙetarowa da su Sahara. Wata uku shi kaɗai ba ya ba da shekara, masana'antu da dama sun yi amfani da shi ɗaruruwan shekaru. Abin nema shi ne haruffan da ke tare da shi, irin su AG, ko "Andrea Galvani Pordenone" a rubuce. Da yake ana naɗe babbar takarda a yanka ta huɗu ko takwas, tambarin yakan faɗo a gefe a gutsure, sai kin duba fallaye da yawa kafin ki haɗa shi. Kuma abin da tambari ke iya faɗi kawai shi ne ba a yi rubutun kafin a yi takardar ba. In kuwa takarda ce mai shuɗin layuka irin ta ofis, galibi bayan zuwan Turawa ne a 1903.

A kundinki ki raba su: an wallafa a 1232, wannan kwafin kuma ga abin da takarda da hannu suka nuna. Wajen juya rubutun zuwa boko ki tuna harafin fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, na ƙaf ɗaya a sama.

TAMBAYA: Wani mai bincike ya nemi in ba shi littattafan mahaifina ya tafi da su ya ɗauki hoto. In ba shi? Daga Azare.

AMSA: Ya zo ya ɗauka a zaurenka, kana zaune. Hasken taga ya isa, ba filasha, a ajiye rula a gefen falle, a ɗauki ciki da baya har da waɗanda ba rubutu, da gafakar kanta. Ku rubuta yarjejeniya: falle nawa, me zai yi da hotunan, da sunan da za a kira tarin da shi, ya kuma bar maka kwafi kafin ya tashi. Takardun asiri, na bashi da na nasabar gida, kana da ikon ware su. In ka ga ajiyar ta fi ƙarfinka, Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Jos, duk suna riƙe da irin waɗannan rubuce-rubuce. Ka tambaya tun farko ko ajiya ce ko kyauta, a rubuta, ka karɓi rasit mai ɗauke da adadin fallaye.