Kafin Ka Sayi Sabon Maɗaukin Sauti, Leƙa Wayoyin Jitarka

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan jita mai lantarki, musamman ɗan akwatin maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda ke ɗaukar motsinsu ya mai da shi lantarki zuwa amfilifaya. Zan riƙa kiransa maɗauki.

Tambaya ta farko daga wani mai karatu ce: "Jitata irin Stratocaster ce, mai maɗauki uku. Na wajen jaki ƙararsa siririya ce, tana sukar kunne. In cire duka ukun in sayi sababbi?"

Jaki dai shi ne ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa a jikin jitar. Ɗan'uwa, dakata tukuna, kada ka kwance jakar kuɗinka. Sau da yawa maɗaukin ba shi da laifi, yadda aka haɗa wayoyinsa ne. A tsarin Stratocaster na asali akwai maɓallin ƙara ɗaya da na daidaita kaifi biyu, kuma biyun nan suna aiki ne a kan maɗaukin wuya da na tsakiya. Na jaki, wanda ya fi kowa kaifi, shi aka bari ba linzami. Buɗe farantin jitar ka dubi bayan makunnin da ke zaɓar maɗaukin da zai yi aiki: ɗan guntun waya da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, idan aka liƙa shi da dalma daga ƙafar na jaki zuwa ƙafar maɓallin kaifi na biyu, shi ke nan ka samu damar rage masa tsini yadda kake so. Na ga mutanen da suka yi wannan aikin na minti goma suka fasa sayen komai.

Ka tuna kuma cewa ita kanta wannan jitar, da kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, makunninta matsayi uku kawai gare shi. Makaɗa ne suka gano cewa idan aka maƙale sandar a tsakanin matsayi biyu, maɗauki biyu na yin magana tare, su ba da wata murya mai daɗi kamar ta hanci. Sai a 1977 kamfanin ya fara sa makunni mai matsayi biyar. Ka ga ke nan sauti biyu da aka fi sanin jitar da su daga wajen makunni suka fito, ba a ƙara ko maɗauki ɗaya ba.

Har yanzu akwai abin da mai matsayi biyar ba ya bayarwa: na wuya da na jaki tare, da kuma duka ukun lokaci guda. Ƙaramin makunni ɗaya da zai riƙa shigo da na wuya a kowane matsayi yana kawo su, sautukanka su tashi daga biyar zuwa bakwai. A ganina haɗin wuya da jaki shi ne riba, yana da faɗi da tsabta irin ta Telecaster, wata jitar Fender mai maɗauki biyu. Na ukun tare ban cika ganin mai amfani da shi ba.

Idan kauri kake nema, akwai wata hanyar. A yadda aka saba, maɗauki biyu na haɗuwa ne kafaɗa da kafaɗa, kowa na kai nasa kai tsaye. Za a iya jera su kai da jela, lantarkin ya ratsa na farko ya shiga na biyu. Ɗora mita ka gani da idonka: biyu masu om 6,000 kowanne (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), kafaɗa da kafaɗa za su nuna 3,000, a jere kuwa 12,000. Ƙarar na ƙaruwa, tsakiyarta ta cika, kaifi ya ɗan ragu. Masu Telecaster na samun wannan da makunni mai matsayi huɗu. Gwada waɗannan tukuna. In kunnenka bai gamsu ba, to sai ka sayi maɗauki ɗaya na jaki, ba uku ba.

Wata 'yar'uwa kuma ta rubuto: "Jitata mai hambaka biyu ce. Ina son in riƙa samun siririn sauti wani lokaci. In sa a huda jikinta a saka ƙananan makunnai, ko akwai wata dabara?"

Hambaka wani irin maɗauki ne mai kaurin sauti. 'Yar'uwa, kada a huda. Ramin da aka fasa a katako ba ya komawa, kuma duk ran da kika so sayar da jitar zai rage mata daraja. Akwai maɓallin ƙara da ake ja sama a danna ƙasa, mai makunni a gindinsa. Yana shiga ramin tsohon daidai, daga waje ba mai gane an taɓa komai. Ki dai auna zurfin ramin kafin ki saya, don gindinsa ya fi na talakan maɓalli tsawo, a siraran jitoci yakan tokare murfi.

Amma fara duba igiyar da ta fito daga maɗaukin. Hambaka, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, koyil biyu ne, wato naɗin siririyar waya biyu, a gefen juna, an juya maganaɗisunsu da alkiblar lantarkinsu saɓanin juna don su kashe gunjin wuta. Siririn sautin da kike so na samuwa ne ta kashe koyil ɗaya, kuma hakan na bukatar a kai ga mahaɗar su biyun. Idan kin ga wayoyi huɗu masu launi da ta biyar tsirara, aiki ya yi sauƙi. Idan waya ɗaya ce a cikin saƙaƙƙen ƙarfe, sai an farke maɗaukin, kuma wayar koyil ta kai siririn gashi, kuskure kaɗan ta tsinke. Wannan kam aikin gwani ne.

Gaskiyar da zan faɗa miki: rabin hambaka ba ya zama maɗaukin Stratocaster. Ƙarar takan faɗi, gunjin ya dawo, musamman kusa da fitila ko kwamfuta. Ni na fi son a haɗa koyil biyun kafaɗa da kafaɗa. Sautin na yin haske, gunji kuma bai dawo ba tun da duka biyun na aiki. Maɓallin ja ɗin nan ɗaya zai iya yin ko wanne, sai ki zaɓa.

Wani ya ce duk lokacin da ya rage ƙara, sautin sai ya dushe kamar an rufa wa amfilifaya bargo, ko maɓallin ne ya lalace. Lafiyarsa lau, malam, halinsa ke nan idan ya haɗu da doguwar igiyar da ke zuwa amfilifaya. Ƙaramar kafasita, wani ɗan kayan lantarki, mai girman maikurofarad 0.001, a tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta maɓallin na barin kaifi ya wuce. In ya yi tsini da yawa, a haɗa mata razista, ɗan kayan da ke rage gudun lantarki. In kuma za ka canza maɓallin, abin da aka saba shi ne om 250,000 ga mai koyil ɗaya, 500,000 ga hambaka.

Ta ƙarshe ta ɗan taɓa min zuciya, don mai ita ya riga ya kashe kuɗi: ya sa sabon hambaka a jaki, shi kaɗai lafiya, na wuya ma lafiya, amma idan ya kunna su tare sai sautin ya zama fanko, ba kauri, har yana tunanin mayar da shi.

Kada ka mayar, ɗan'uwa, maɗaukinka garau yake. Su biyun ne ke ja-in-ja, ɗaya na turawa ɗaya na janyewa, sai kaurin ya cinye kansa. Yawanci launin waya ne ke jawo haka, domin kowane kamfani da nasa tsarin. A Seymour Duncan baƙa ce mai kai sauti, ja da fara a ɗaure tare. A DiMarzio ja ce mai kai sauti, baƙa da fara a ɗaure. Nemo zanen wayoyin kamfanin da ya yi naka, sannan a maɗauki ɗaya tak ka musanya wayar sauti da koriya, wadda a kamfanonin biyu ita ake liƙawa a bayan maɓalli, ka bar tsirarar a manne da bayan maɓalli inda take. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka narka dalmar farko, kuma ka shimfiɗa tsohon tawul a kan jikin jitar, don ɗigon dalma ɗaya ya isa ya ƙona fenti.