Tsatso na cinye min latas a lambu, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida a Zariya, na shuka latas da alayyahu da masara kaɗan. Kullum da safe sai in tarar an ɓula ganyen latas, wasu ƙananan tsiron ma an cinye su gaba ɗaya. Da na ɗaga ciyawar da na rufe fangalin da ita, sai na ga wasu ƙwari masu ruwan ƙasa, dogaye, da abu kamar almakashi a wutsiyarsu. Wane magani zan fesa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙwaron da kika kwatanta shi ne tsatso. Almakashin namiji a lanƙwashe yake, na mace kuma ya fi miƙewa. Ba shi da dafi, kuma zancen da ake yi cewa yana shiga kunne ya huda ƙwaƙwalwa ba gaskiya ba ne.

Kafin a kai ga feshi, sai ki tabbatar shi ne mai ɓarnar, domin ganinsa a ƙarƙashin ciyawa bai isa hujja ba. Tsatso da rana ɓuya yake yi a duk inda akwai duhu da danshi, da dare yake fita kiwo. Ki ɗauki tocila ki leƙa fangalin bayan isha'i, dare biyu ko uku a jere, ki riƙa juya ganye kina duba bayansa. Cinsa yakan bar ramuka marasa tsari a tsakiyar ganye da gefensa. In kin ga wata alama mai sheƙi kamar busasshiyar majina a kan ganyen, aikin dodon koɗi ne. In tsiron a yanke yake daga gindi ya faɗi, ki tona ƙasa a wurin, galibi tsutsa ce ko gyare.

Dalilin da ya sa muke jan kunne a kan feshi shi ne, tsatso ma'aikacinki ne a lambun nan. Yana cin darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, da ƙwayayen ƙwari da ƙananan tsutsotsi. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, yana cikin ƙwarin da ake samu a cikin zuciyar masara suna cin ƙwanta da 'ya'yanta. Manyan tsirrai ba ya yi musu lahanin kirki. Inda yake ciwo shi ne tsiron da bai wuce ganye uku ko huɗu ba, da ganye mai laushi irin na latas, da fure, sai kuma gemun masara, wanda in ya cinye shi kafin barbara sai masarar ta fito da giɓi. Saboda haka aikin da ke gabanki shi ne rage yawansa a kusa da latas, ki bar na cikin masara sai in kin ga yana cin gemun.

Fara da kwashe masa makwanci. Ki janye ciyawar nan daga jikin tsiron kamar taku ɗaya, har sai ya yi ƙwari. Ki kawar da tsofaffin buhuna, katako, fasassun tukwane da tarin ganye daga gefen fangali. Ban ruwa ki mai da shi na safe, don saman ƙasa ya sha iska kafin dare. Ruwan yamma shi ke jawo su. Mace kan yi ƙwai a ɗan rami cikin ƙasa ta zauna tana gadinsu, don haka sassaƙar ƙasa da fartanya a gefen fangali na rusa gidajen.

Sai tarko, kuma shi ne ya fi kowace dabara aiki. Ki samo gwangwanin kifi ko ƙaramin gwangwanin tumatir, ki zuba man gyaɗa zurfin santimita 1 zuwa 2, ki ƙara ɗan man da ya rage a gwangwanin kifin, domin ƙarnin ne ke kiransu. Ki binne shi yadda bakinsa zai yi daidai da ƙasa. Yawanci a nan ake kuskure: in bakin ya ɗago sama, sai su zagaye shi su wuce. Ki ɗora ɗan fale-falen dutse a kan tsakuwa biyu a samansa don ruwa kada ya cika shi, kyanwa kuma kada ta lashe. Gwangwani ɗaya a kowace mita biyu ya wadatar, a canja man bayan kwana uku ko huɗu.

Tarko na biyu ba ya cin kuɗi. Ki naɗe tsohuwar jarida ko kwali, ki ɗan jiƙa, ko ki yanka tsohon tiyon ruwa guntu-guntu kamar santimita 30, ki ajiye tsakanin layuka da magariba. Da sassafe ki kakkaɓe su cikin bokitin ruwan omo, ko ki zube wa kaji. Amma sai kullum. In aka bar jaridar kwana uku ba a duba ba, gida aka gina musu a gindin latas. Ki jure sati biyu, za ki ga abin da kike kamawa yana raguwa.

In duk da haka ɓarnar ta ci gaba, ki koma ga 'ya'yan darbejiya. Ki ɓare busassu, ki daka ƙwayar gram 500, ki jiƙa a lita 10 na ruwa ta kwana, ki tace da kyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfon feshi, ki narka ɗan sabulu kaɗan a ciki. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, domin rana na kashe ƙarfinsa, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ba ya kashe su nan take, hana su ci yake yi. Yana barin ɗaci a ganye, sai ki dakatar da shi kwanaki kafin tsinka, ki wanke latas ɗin sosai. Zagaye tsiro da busasshiyar toka ma yana ɗan tare su, sai dai da ta jiƙe amfaninta ya ƙare.

Maganin feshi na kanti ba mu ba ki shawararsa a kan latas ba. Ganye ne da ake ci ɗanye, feshin rana kuma ba ya samun ƙwaron da ke ɓoye, sai ya kashe masu cin darɓa ya bar ki da wata matsalar. In za ki sake yayyafa iri, ki rene shi a cikin roba ko kwando a kan benci, ki dasa bayan ya yi ganye huɗu ko biyar, ki kuma binne gwangwanayen kwana biyu kafin ranar dashen.