Tambayi Likita: Wane Ciwo Ne Na Gida, Wane Ne Na Asibiti?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ƙananan cututtuka suka taru, irin waɗanda ba su kai a ɗauki mutum ranga-ranga ba amma suna hana gida barci. Na zaɓi biyar. Ku tuna ban ga marar lafiyarku da idona ba, don haka duk inda na ce a tafi asibiti, a tafi.

Wata uwa daga Funtuwa: Assalamu alaikum Likita. Ɗana wata tara ne, yau kwana biyu yana gudawa. Kakarsa ta ce haƙora ne, zai tsaya da kansa. Mai kemis ya ba ni Flagyl da kafso ja da yalo. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Hajiya kaka ta ga yara da yawa, kuma gaskiyarta ce gudawa kan zo a watannin fitar haƙori, sai dai ba haƙorin ke kawo ta ba. Haƙori kan sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima. A daidai wannan lokacin ne kuma yaro ke fara rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki, ga koko da ruwa da aka fara ba shi a kofi. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Kalmar nan ta "haƙora ne" ta sa an makara da yara da yawa, shi ya sa ba na wasa da ita.

Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka maganinsa na farko ruwan gishiri da sukari, wato ORS. Ki sayi na leda, ki duba adadin ruwan da aka rubuta a jiki. Idan lita ɗaya aka ce, ledar fiya wata biyu ke nan. In babu na leda a kusa, ki zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, cokalin a shafe, ba a tule ba. Duk lokacin da ya yi gudawa ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Wanda ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Nono kuwa ki ƙara, kada ki rage. Sannan ki haɗa masa da ƙwayar zink, miligiram 20 sau ɗaya a rana, kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Kafson nan ja da yalo ki ajiye shi. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara takwas, yana ɓata haƙori. Flagyl ma ba na kowace gudawa ba ne. Kada kuma a kawo miki wani sirof da sunan maganin haƙori. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, gurɓataccen sirof mai suna My Pikin ya kashe yara sama da 80 a Najeriya ta hanyar lalata musu ƙoda.

Ki kai shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba idan idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, ya wuni bai yi fitsari ba, ya ƙi kama nono, ya yi laƙwas, ko kin ga jini a kashinsa.

Wani magidanci daga Kano: Likita, ni dai da na ji zazzaɓi sai in je kemis a haɗa min na maleriya da taifot, in warke. Yanzu 'yata mai shekara huɗu ta kwana da zafin jiki. In sa a haɗa mata?

Malam, kada a haɗa mata. A fara yin gwajin maleriya, wanda ake tsire yatsa a ɗiga jini, cikin minti ashirin an ga sakamako. Mura da ciwon kunne da ciwon maƙogwaro duk suna kawo zazzaɓi, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗayansu. Idan gwaji ya nuna maleriya ce, a ba ta maganin ACT daidai da nauyinta. Irin wanda aka fi samu ana shan sa sau shida cikin kwana uku, bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo ko an sha madara. A shanye duka ko da ta tashi wasa a rana ta biyu.

Zancen taifot kuwa yana damuna ƙwarai. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da ita, amma a kansa ake ɗura wa mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta babu gaira babu dalili, har ranar da ake buƙatar maganin da gaske a tarar ya daina aiki. Kai ma, Malam, ka riƙa yin gwaji kafin ka sha.

A gida a ba ta farasitamol na yara gwargwadon nauyinta, kada ya wuce sau huɗu a awa 24, kuma ban da asfirin. A cire mata kaya masu nauyi, a goga mata ruwa mai ɗumi-ɗumi, a yawaita ba ta abin sha. Ka lura da ita kanta fiye da zafin jikin: yarinyar da ke shan ruwa tana magana bayan zazzaɓi ya sauka ba ta tayar min da hankali. Wadda ke amayar da komai, ko barci ya yi mata nauyi ba ta farkawa sosai, ko tafin hannunta ya yi fari fat, ko wuyanta ya sanƙare, wannan ta asibiti ce nan take. Haka jariri ɗan ƙasa da wata biyu, da duk yaro mai sikila, da zarar jiki ya yi zafi. In jijjiga ta kama ta, a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko manja, a nemi abin hawa.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi: Tunda hunturu ya shigo yarana ke mura da tari. Wane magani ne mai ƙarfi?

Malama, mura ba ta da magani mai ƙarfi. Takan yi mako guda zuwa kwana goma ta tafi, tarin kan ɗan jima bayanta. Abin sha mai ɗumi, rufe ƙirji da asuba, nisantar da su daga hayaƙin murhu da turaren wuta, da cokalin zuma kafin barci ga wanda ya haura shekara ɗaya, sun wadatar. Jariri ba a ba shi zuma. Duk sirof ɗin tari mai kodin ki guje shi, ko a Najeriya an hana shigo da shi da haɗa shi tun 2018.

Abin da nake so ki koya shi ne ƙirga numfashi, don da shi ake gane namoniya. Ki jira yaro ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki kalli cikinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Ɗan shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In kuma kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ƙirga ba sai kin yi ba. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, ga babba ko yaro, musamman da rama ko gumin dare, a je a yi gwajin tibi.

Wata amarya daga Zariya: Ruwan zafi ya zubo min a hannu, maƙwabciyata ta shafa min makilin. Daidai ne?

A'a, amarya. Makilin da ɗanyen ƙwai da manja da gishiri duk suna ƙara ɓata wurin. Ruwa mai sanyi ake kwararawa na minti 20, ban da ƙanƙara, a cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsafta. Kada ki fasa bororon. Ƙunar da ta fi tafin hannunki girma, ko ta taɓa fuska, yatsu, gaɓa ko al'aura, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Wani bawan Allah daga Gusau: Matata tana da ciki wata takwas. Kwana uku tana ciwon kai, ta sha Panadol bai sauka ba, ƙafafunta da fuskarta sun kumbura. Wane magani zan ƙara mata?

Ɗan'uwa, na amsa maka ta waya tun ranar da saƙonka ya iso, ina maimaitawa ne saboda sauran magidanta. Wannan ba na gida ba ne ko kaɗan. Ciwon kai da ya ƙi jin magani ga mai tsohon ciki, tare da kumburin fuska da hannu, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙahon zuci, alama ce ta hawan jinin masu ciki. Yana iya rikiɗewa ya zama jijjiga cikin 'yan awoyi, uwa da abin da ke cikinta su shiga haɗari. Kada ka ƙara mata komai, musamman irin su diclofenac da ibuprofen da ba su dace da tsohon ciki ba. A auna jininta yau, a duba fitsarinta. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, wurinta asibitin da ke da ɗakin haihuwa da likita, inda za a iya yi mata allurar da ke hana jijjiga. Kada ka jira ranar awo ta zagayo, kada kuma ka tura ta ita kaɗai a babur. Ka ɗauki katin awonta ka raka ta da kanka.