Iska mai ƙarfi na tafe kuma ni kaɗai ne a gida, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, shekaruna sun haura 70, ni kaɗai nake zaune tun da mai ɗakina ta rasu, yara kuma kowa na nesa. An sanar za a yi iska mai ƙarfi, ɗana ya ce kar in leƙa ko ƙofa. Ni dai ina ganin tsoronsa ya yi yawa, ai ƙafata lafiya lau sai ɗan ciwon gwiwa. In na zauna ɗin me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ji ƙan Mama ya ƙara maka lafiya. Gaskiya ina bayan ɗanka a wannan maganar, bari ka ji dalili.

Akwai ma'aunin ƙarfin iska da ake kira Beaufort, tun 1805 aka tsara shi. A mataki na 8, wato gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, ƙananan rassa na karyewa kuma ko matashi da ƙyar yake tafiya, in ta haura 75 sai ta fara yaye rufi, daga wajen 90 kuma bishiya ake tumɓukewa da saiwarta. Abin da mutane ba sa lura da shi, in gudun iska ya ninka sau biyu ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Kuma ba a tsaye take kaɗawa ba, sai ta yi kamar ta lafa ka saki jiki sannan ta bugo ba zato, to wannan bugun ne ke kayar da mutum, ballantana mai ciwon gwiwa da ƙafa ba ta saurin tare jiki kamar da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 duk shekara, waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu a shekarunka Baba ba ƙaramin abu ba ne, wani daga ita ba ya sake takawa da kansa.

Abin da na fi jiye maka tsoro ba zaman cikin ɗaki ba ne, fitar nan ce ta "bari in ɗan gyara". Ka ji ƙofar waje na bugawa, ko kwanon rufi ya ɗaga, ko bokiti na birgima a tsakar gida, zuciya ta ce ai minti ɗaya ne. Dan Allah ka bar shi ya tafi. Duk abin da iska za ta iya ɗauka a shigo da shi tun kafin ta taso, kuma wani za ka sa, ba kai ba. Tsani kam ko bayan ta wuce kar ka hau.

Ka zaɓi ɗakin da ba bishiya a kansa, ka matsar da wurin kwanciyarka nesa da taga, ka ja labule saboda in gilashi ya fashe. Wuta na iya ɗaukewa, don haka tocila ɗaya a gefen gado ɗaya a hanyar banɗaki, ban da kyandir ko kaɗan, kuma ka kwashe duk wani abin tuntuɓe daga wannan hanyar tun da sauran haske. Ruwan sha da maganinka na kwanaki su zama kusa da hannu. In kana da maganin da ke son sanyi kamar insulin, firij na riƙe sanyi wajen awa 4 muddin ba a buɗe shi. Janareta kuwa kar a kunna shi cikin gida ko gindin taga, hayaƙinsa na da guba marar wari da ke kashe mutum yana barci.

Sai maganar kaɗaici, wadda a wurina ita ce babba. Wayarka ta cika da caji kuma ta zauna a aljihunka ko rataye a wuya, ba kan tebur ba, domin in ka faɗi a banɗaki wayar da ke falo ba ta da amfani, kuma kwanciya a ƙasa fiye da awa ɗaya ba mai ɗagawa ita kanta tana yi wa jikin tsoho illa. Ku tsayar da lokaci kai da ɗanka, misali safe da yamma, in ya kira ba ka ɗauka ba ya san wa zai tura, shi kuma wannan maƙwabcin ya kasance da makullin gidan a hannunsa. Na san dattawa da yawa ba sa son su ɗora wa kowa nauyi, amma wallahi maƙwabci ya fi son a ba shi makulli yau da a ce gobe sai an ɓalla ƙofa.

In kuma rufin gidan dama ya yi rauni ko akwai tsohuwar bishiya da ta jingino, to kar ka zauna, ka koma wurin wani tun kafin iskar ta fara, ba tana tsaka ba. Bayan ta lafa in ka ga wayar lantarki a ƙasa ka ƙaddara akwai wuta a jikinta, ka tsaya nesa aƙalla mita 10 ka kira masu gyara.