Hotunan tsohuwar masana'anta sun fito da duhu: laifin wayata ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Gombe nake. Akwai wata tsohuwar masana'antar gurzar auduga da mahaifina ya yi aiki a cikinta, an daɗe da rufe ta. Maigadi ya bar ni na shiga na ɗauki hotuna da wayata Tecno. Da na dawo gida sai na tarar wasu baƙi ƙirin, wasu dishi-dishi, inda rana ta leƙo ta hujin kwano kuma fari fat. In canza waya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ko iPhone ka shiga da ita wurin nan ka riƙe ta a hannu, kusan abin da za ka gani ke nan.

Idon kyamarar waya ɗan mitsitsi ne. In ta shiga duhu, dabara biyu gare ta. Ko dai ta bar idon a buɗe ya jima yana tattara haske, ko ta ɗaga abin da ake kira ISO, wato ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi. In ya jima a buɗe, ɗan motsin hannunka, har da na numfashi, shi ke jawo dishi-dishin. In kuwa ISO ya hau 1600 ko 3200, hoton zai cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero.

Don haka ka raba wayar da hannunka. Ba sai ka sayi ƙafar kyamara ba, bulo ma ya isa, ko ka jingina ta da jikin wani inji ka tokare da dutse. Shiga sashen da aka rubuta Pro, in wayarka tana da shi. Sa ISO a 100 ko 200, lokacin buɗewa kuma, wanda galibi alamarsa harafin S ce, ka kai shi daƙiƙa 1 ko 2. Sannan ka kunna jinkirin daƙiƙa 3, don kada taɓawar yatsanka ta girgiza ta. In babu Pro, yi amfani da yanayin dare, shi ma a ajiye.

Batun farin nan kuwa, abin da ya ƙone ya ƙone, babu manhajar da za ta dawo da shi. Duhu ne ake iya cetowa. Taɓa wurin hasken a fuskar wayar, ja 'yar alamar ranar nan ƙasa har sai ka ga layukan kwanon sun bayyana, ka bar HDR, wato saitin da ke daidaita wurin haske da na duhu a hoto ɗaya, a kunne. Daga baya sai ka ɗaga inuwar da manhajar gyaran hoto ta Snapseed, kyauta ce.

Filasha, kashe ta. Wurin da aka shekara da shekaru ana gurzar auduga cike yake da ƙura, kowace ƙwaya za ta dawo maka da haske, hoton ya fito ɗigo-ɗigo. Tocila ta fi. Haska ta daga gefe, ba daga gaba ba, sai tsatsa da haƙoran injin su taso. Ka nemi ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin inji, ka goge shi da tsumma, domin a nan sunan kamfanin da ya ƙera shi yake, wani lokacin har da shekara. A wurina wannan hoton ya fi na ginin daraja. Unguwar BCGA da kuke da ita a Gombe ai daga ƙungiyar audugar Ingila da aka kafa a Mancesta a 1902 ta samo sunanta, amma matasa nawa ne suka sani? Haka mu ma a Bauchi, yara na jin sunan Steyr ba su san an taɓa harhaɗa manyan motoci da taraktoci a nan ba.

Ka je da sassafe, sa'ad da rana ke shigowa a karkace, ka riƙa goge gilashin kyamarar, musamman da hunturu.

Kada ka sake shiga kai kaɗai. Sa takalmi rufaffe saboda ƙusa da maciji, kada ka hau bene ko rufi, in ka ga fasasshen rufin asbestos kada ka taɓa shi, ƙurarsa na lalata huhu. Izinin maigadi kuma bai wadatar ba, nemi na masu wurin.

Kafin ka tura wa kowa, ka san cewa WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, sai dai in ka aika shi a matsayin fayil. Amma fayil yana tafiya da duk bayanan da ke cikinsa, har da ainihin inda aka ɗauka. Ka kashe alamar wuri a saitin kyamarar tun kafin ka shiga, kada hotonka ya nuna hanya ga masu kwance ƙarfe suna kai wa 'yan jari-bola.